Aljihu Biyu na Kulob: Abin da Ke Raya Ƙaramar Ƙungiyar Hidima da Abin da Ke Cinye Ta

A Kano aka kafa kulob ɗin Rotary na farko a Nijeriya, a shekarar 1961. Daga cikin mambobinsa aka samu lauya Jonathan Majiyagbe, wanda ya shugabanci Rotary ta duniya daga 2003 zuwa 2004, ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera. Wanda ya ji wannan tarihi zai zaci wata ƙatuwar hukuma ce mai benaye da ma'aikata. Alhali kulob na hidima, na Rotary ne ko na Lions ko wani danginsu, galibi bai wuce mutum ashirin zuwa arba'in ba: likita da lauya da ɗan kasuwa da tsohon ma'aikacin banki, suna haɗuwa a ɗakin taro na wani otel, su tara kuɗi daga aljihunsu, su haƙa rijiya ko su biya wa marasa hali kuɗin aikin ido. Babu mai karɓar albashi, babu mai jiran riba. Amma akwai lissafi, kuma lissafin nan ne ke yanke hukuncin ko kulob zai kai ga jikokin waɗanda suka kafa shi, ko kuwa allon sunansa kaɗai zai saura a bakin shataletale yana tsatsa.

Abin da na lura da shi shi ne, da wuya rashin kuɗin agaji ya kashe irin waɗannan ƙungiyoyi. Jama'a na son bayarwa idan aka ce marayu ko asibiti. Kuɗin da ba wanda ke sha'awar magana a kansa, wato kuɗin tafiyar da ƙungiyar kanta, shi ne ke ƙarewa a hankali, kuma rahoton shekara guda ba ya nuna hakan. Sai an jera rahotannin shekara bakwai ko goma a kan tebur ɗaya kafin a ga ramar.

Kowane kulob aljihu biyu gare shi. Na farko na gudanarwa ne: kuɗin da mambobi ke biya, wanda daga cikinsa ake biyan hayar ɗakin taro, da abinci, da buga takardu, da kason uwar ƙungiya. Na biyu na ayyuka ne: abin da aka tara daga jama'a da sunan taimako. Ƙungiyar Lions, wadda Melvin Jones ya assasa a Shikago a 1917, ta mayar da wannan rabo doka a kan kulob-kulob ɗinta: duk kuɗin da aka karɓa daga jama'a dole jama'a zai koma, ba a taɓa shi don harkar kulob. Ma'anar wannan doka tana da nauyi. Kulob na iya samun miliyoyi a asusun ayyuka, amma ya kasa biyan kuɗin ɗakin taron mako mai zuwa, kuma ba shi da halin ɗiba daga can ya cike nan.

Aljihun gudanarwa kuwa, tun kafin a kashe sisi a gida, akwai masu haƙƙi a kansa. Ɗan Rotary na biyan kaso ga hedikwatar duniya da ke Ebanston a jihar Ilinoi ta Amurka, yana biyan na gunduma, yana biyan kuɗin mujallar ƙungiya wadda ta wajaba a kan kowane mamba, sannan a zo kan na kulob. Majalisar dokokin Rotary, mai zama duk bayan shekara uku, ita ke yanka kason hedikwata. A zamanta na 2022 ta tsara shi hawa-hawa: dala 71 a shekarar Rotary ta 2022 zuwa 2023, sai 75, sai 78.50, har ya kai dala 82 a 2025 zuwa 2026. Ga ɗan kulob a Amurka, ƙarin dala goma sha ɗaya cikin shekara uku bai kai kuɗin abincin rana ɗaya ba. Ga ɗan kulob a Kano ko Kaduna ko Jos labarin daban ne, domin shi naira yake samu, dala ake binsa.

A yi lissafin. Kafin Yunin 2023, farashin dala a hukumance yana wajen naira 460. Dala 71 ke nan ta kama kusan naira dubu 33. Bayan Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, zuwa farkon 2024 dala ta haura naira 1,500. Dala 82 a wannan farashi naira dubu 123 ce. Kason da a takardar hedikwata ya ƙaru da abin da bai kai kashi 16 cikin ɗari ba, a aljihun ɗan Nijeriya ya ninka kusan sau huɗu. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira dubu 70 ne, don haka wannan kaso ɗaya tak ya kusa cinye albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci, ba a zo kan na gunduma da na abinci ba. A daidai lokacin ne kuma aka cire tallafin man fetur, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Maƙwabtanmu na Nijar ba su sha irin wannan ba a 'yan shekarun nan, saboda sefa a ɗaure take da yuro a farashi tsayayye, ko da yake su ma sun ɗanɗana a 1994 ranar da aka karya darajarta da rabi dare ɗaya.

Sau biyu a shekara takardar bashi ke isowa daga hedikwata, a Yuli da Janairu, kuma ana lissafa ta ne da adadin sunayen da ke cikin rajista. Hedikwata ba ruwanta da wanda ya biya kulob da wanda bai biya ba. A nan ma'aji ke shiga uku. Ga shi da jerin sunaye talatin, waɗanda suka biya cikakke goma sha takwas ne, biyar sun ba da rabi, bakwai ba a gan su ba tun bikin rantsar da shugaba. Ya rubuta tunatarwa a zauren WhatsApp na kulob, mutum biyu suka amsa da alamar hannu, sauran shiru. A cikin bakwai ɗin nan akwai dattijon da ya kafa kulob ɗin, wanda ya yi ritaya, fanshonsa ba ya zuwa a kan kari. Wa zai kalli idonsa ya ce, "Baba, za mu cire sunanka"? Sakatare ba zai iya ba, shugaba ma haka, ballantana shi shugaban yana so a rubuta cewa mambobi sun ƙaru a zamaninsa. Sai a bar sunayen, kulob ya biya musu dala daga abin da sha takwas ɗin suka kawo. Kunya halin kirki ce, amma a wannan wuri farashinta da dala ake biya, kuma duk wata shida sai an sake.

Matsalar ta fi haka zurfi, domin yawancin kuɗin gudanarwa ba ya raguwa idan mutane suka ragu. Mu ƙaddara kulob na kashe naira miliyan uku a shekara kan haya da buga takardu da karɓar baƙuncin gwamnan gunduma da sauran hidindimu. Idan mutum talatin ne ke biya, kowa dubu ɗari. Idan suka koma ashirin, kowa dubu ɗari da hamsin, alhali ba a ƙara ko kwalbar ruwa ba. Da an ƙara kuɗin, waɗanda dama ke ɗingishi sai su zame, a koma sha biyar, a sake rabawa. Wannan zagaye shi ya ci ƙananan kulob-kulob da yawa a ƙauyuka da ƙananan garuruwan Amurka, inda abin ya samo asali. Robert Putnam, malamin jami'ar Harvard, ya nuna a littafinsa Bowling Alone na shekarar 2000 yadda Amurkawa suka yi ta janye jiki daga ƙungiyoyin da ake haɗuwa ido da ido tun daga ƙarshen shekarun 1960. Ita kanta Rotary ta daɗe tana tsaye a wajen mamba miliyan 1.2 a duniya: ana samun ƙari a Asiya da Afirka, ana asara a Arewacin Amurka, masu shiga da masu fita kusan kunnen doki. Buɗe ƙofa ga mata, wanda Lions ta yi a 1987, Rotary kuma a 1989 bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka, ya ceci kulob-kulob da dama daga rufewa, amma bai dawo da zamanin da kowane mai shago a gari ke ganin shiga kulob wajibi ne ba.

Akwai kuma batun shekaru, wanda ba ya fitowa a takardar banki. Kulob ɗin da abokai suka kafa suna 'yan shekara arba'in, tare za su yi arziki, tare za su yi ritaya. Shekara goma sha biyar na farko kuɗi na shigowa a sauƙaƙe, har a yi zaton tsari ne mai kyau, alhali ƙarfin samartaka ne da kasuwa mai ci. Bayan nan sai a fara zuwa ta'aziyya. In ba a riƙa shigo da matasa tun ana da ƙarfi ba, ranar da aka farga babu saurayin da zai so zama cikin dattawa goma sha biyu yana biyan kason mutum uku.

To, idan aljihun gudanarwa ya bushe ga kuma takardar hedikwata na jira, kuma kulob ɗin da ya yi watanni bai biya ba ana iya soke shi, ina za a duba? Ido na komawa kan aljihu na biyu. Ba a kiran abin sata, kuma yawanci ba da mugun nufi ake yi ba. Rance ake cewa: a ɗauka daga kuɗin rijiya a biya, in mambobi suka kawo nasu sai a mayar. Karo na farko ana mayarwa. Karo na biyu a mayar da rabi. Zuwa na huɗu an daina rubutawa a matsayin rance. A ganina wannan ita ce alama mafi muni a littafin kowace ƙungiyar sa-kai, ta fi asusun da ba kowa a ciki muni, domin asusu wayam kowa na ganinsa, wannan kuwa ɓoye yake a ƙarƙashin jimla mai kyan gani. Ranar da wani mai bayarwa ya tambayi inda rijiyarsa take, ba kuɗi kaɗai za a rasa ba, har sunan da aka yi shekaru ana ginawa.

Aljihun ayyuka ma yana da nasa ciwon. A Nijeriya babban taron tara kuɗi na kulob shi ne bikin rantsar da sabon shugaba, wanda ke zuwa bayan 1 ga Yuli, ranar da shekarar Rotary ke farawa. Ana kama babban ɗaki, a buga kati da ƙasida mai sheƙi, a gayyato babban baƙo da babban mai ƙaddamarwa, a ba wasu lambar yabo. Mai gabatarwa na riƙe da makirufo yana shelar alkawura: wane miliyan biyu, wane miliyan ɗaya a madadin maigidansa da bai samu zuwa ba, a yi tafi. Washegari ma'aji ya zauna da takarda biyu. Ɗaya ta abin da aka faɗa, ɗaya ta abin da ya shiga banki. Tsakaninsu akwai tafiya mai nisa, ta kiran waya da zaman jira a ofisoshi, kuma wasu alkawuran har abada. Mai otel da mai abinci da mai buga ƙasida kuwa ba alkawari suke karɓa ba. Kulob mai hankali ba ya tambayar nawa aka tara, yana tambayar nawa ya rage bayan an cire kuɗin bikin, kuma nawa ne abin da ya rage a bara da bara waccan. Sau da yawa jimlar da ake shela tana hawa kowace shekara, ragowar kuwa tana sauka, saboda kuɗin ɗaki da abinci sun fi gudummawa saurin tashi. Wanda ya rubuta alkawari a shafin kuɗin shiga tun bai shigo ba, ya yaudari kansa kafin ya yaudari kowa.

Annobar korona ta 2020 ta tona asirin masu dogaro da taro ɗaya. Kulob-kulob a ko'ina cikin duniya da duk kuɗin ayyukansu ke fitowa daga liyafa guda ko gasa guda a shekara sun wayi gari babu komai. Abin mamaki, aljihun gudanarwa na wasunsu ya ɗan murmure a lokacin, saboda taro ya koma intanet, babu haya babu abinci.

Dogaro da mutum ɗaya ya fi dogaro da taro ɗaya haɗari, kuma ya fi yawa a wurinmu. Kusan kowace ƙaramar ƙungiya tana da attajirinta, wanda in an zo ƙarshen taro aka ga giɓi sai ya ce, "Ku bar shi, zan cike." Allah ya saka masa. Amma shekara biyar yana cikewa, sauran mambobi sun manta nawa ne ainihin kuɗin tafiyar da ƙungiyarsu, ba a ƙara kuɗin mamba ba ko sau ɗaya, kuma ba mai iya musa masa a taro ko da ya kawo aikin da bai dace ba. Littafi zai nuna shekara biyar na daidaito. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ko kasuwarsa ta karye, ko ya rasu, sai giɓin shekara biyar ya bayyana gaba ɗaya.

Wani abu da ya keɓanta da irin waɗannan kulob-kulob shi ne shugabancin shekara guda. Paul Harris, lauyan da ya kafa Rotary a Shikago ranar 23 ga Fabrairun 1905, da abokansa sun riƙa zagaya ofisoshin juna ne don yin taro, kuma al'adar karɓa-karɓa ta zauna har a shugabanci. Tana da amfani babba: ba wanda ke mayar da ƙungiya gadon gidansu. Amma ga lissafi tana da illa. Kowane sabon shugaba na son aikin da za a liƙa sunansa a jiki, kuma wata goma sha biyu kacal gare shi. Ba wanda ke son a tuna da shi a matsayin wanda ya ƙara kuɗin mamba, ko wanda ya kashe shekararsa yana gyaran famfon da wani ya kafa. Sai a yi ta sabon aiki. Ga shi kuwa duk aikin da aka ƙaddamar nauyi ne da aka ɗora wa shugabannin gaba. Rijiyar burtsatse tana da injin da zai ƙone, da farantan sola da za a sace, da tankin da zai tsage. Ajin da aka gina iska za ta yaye rufinsa. Kulob mai shekara ashirin yana iya samun ayyuka ashirin a warwatse, kowanne da tambarinsa a bango, mutanen unguwa kuma wurinsa za su zo in abu ya lalace, kuma da gaskiyarsu. Ban cika ganin kasafin kulob da aka ware wa gyara layi nasa ba. Haka nan takardu: rasit na hannun tsohon ma'aji, lambar shiga asusun banki a wayar wanda ya bar gari, masu sa hannu a banki har yanzu shugabannin shekara huɗu da suka wuce ne. Kowace shekara sai a fara lissafi kamar jiya aka kafa ƙungiyar.

Maganin da littattafan gudanarwa ke bayarwa shi ne ajiya: a tanadi abin da zai riƙe ƙungiya wata uku zuwa shida in kuɗi ya yanke. Shawara ce mai kyau inda kuɗi ke riƙe darajarsa. A Nijeriya ajiya a asusun banki gishiri ne a cikin damina. Buhun siminti da ake saya ƙasa da naira 3,000 kafin korona ya kai 10,000 a 2024. Kulob ɗin da ya yi shekara huɗu yana tara kuɗin gina ɗakin haihuwa, yana alfahari da jimlar da ke ƙaruwa, ya zo ya tarar abin da ya tara ba zai kai ginin linta ba. Saboda haka yawan kuɗi a asusu ba shaidar lafiya ba ne. Wani lokaci ma alamar mutuwar zuciya ce: ƙungiyar ta daina aiki, tana gadin kuɗin da jama'a suka bayar don a kashe. Mafita tana tsakiya. Kuɗin aiki a kashe shi da wuri, ko a sayi kayan a ajiye. Kuɗin ko-ta-kwana a sa shi inda zai ɗan motsa. Ga mambobin da ke gudun kuɗin ruwa, hanya ta buɗe fiye da da: bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, gwamnatin tarayya kuma ta fara fitar da sukuk a 2017. Kason dala kuwa, hikimar ita ce a karɓe shi daga mambobi wata-wata, a daina jiran Janairu ta zo a ga abin da canji ya yi.

Tunanin asusu mai ɗorewa ba baƙo ba ne ga Musulmi ko ga Rotary. Musulmi sun san waƙafi tun ƙarni na farko: a tsare asali, a ci amfani. Gidauniyar Rotary ma da haka ta fara a 1917, lokacin da shugaban ƙungiyar na wancan zamani, Arch Klumph, ya kawo shawarar kafa asusu, gudummawar farko kuma dala 26.50 ce daga kulob ɗin birnin Kansas. Har yau gidauniyar na juya gudummawar shekara-shekara tsawon shekara uku kafin ta raba ta ga ayyuka. Ƙaramin kulob ba zai iya kwaikwayon girman ba, amma shago ɗaya da ake karɓar hayarsa ya fi liyafa uku amfani ga asusun gyara.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da mambobi ke yi a ɓoye duk lokacin da dala ta tashi: me muke samu da kuɗin nan da muke turawa waje? Ƙungiyoyin unguwa na taimakon kai da kai, da na tsofaffin ɗalibai, da na ci gaban gari, ba sa biyan kowa dala, kuma suna yashe magudanar ruwa suna gyara maƙabarta. Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma ta dogara ga kulob ɗin. Kasancewa cikin uwar ƙungiya ƙofa ce. Tallafin Gidauniyar Rotary na ƙasa da ƙasa yana farawa ne daga aikin dala dubu 30, abin da a canjin farkon 2024 ya haura naira miliyan arba'in, kuɗin da ƙaramin kulob ba zai tara shi kaɗai ba ko a shekara biyar. Shirin yaƙi da shan inna da Rotary ta fara a 1985, wanda Gidauniyar Gates ke ninka gudummawarsa, ya zuba kuɗi mai yawa a Arewacin Nijeriya har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a Agustan 2020. Amma ƙofar tallafin ba ta buɗuwa sai ga wanda ya cika sharuɗɗa: abokin haɗin gwiwa a wata ƙasa, asusun banki na musamman don aikin, rahoto a kan lokaci, rasit a adane na shekaru, kuma babu bashin hedikwata a wuya. Kulob ɗin da littafinsa ke a hargitse yana biyan kuɗin ƙofar da ba zai taɓa shiga ba. Irin wannan, gaskiya, gara ya zama ƙungiyar unguwa ya huta.

Hukuma ma tana da nata. A Nijeriya ƙungiyar da ta yi rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni tana ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta wajabta kai bayanan kuɗi a kai a kai, ta kuma ba hukumar ikon dakatar da amintattu a wasu yanayi, sashen da ya jawo ce-ce-ku-ce daga majami'u da ƙungiyoyin farar hula. Bankuna kuma na neman takardar sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Tarar rashin kai rahoto tana taruwa shiru, sai ranar da aka je canza masu sa hannu ko neman tallafi a tarar da ita. Ba mu kaɗai ba ne: a 2011 hukumar harajin Amurka ta soke rangwamen haraji na ƙungiyoyi kusan dubu 275 saboda sun yi shekara uku a jere ba su aika rahoto ba, galibinsu ƙanana, alhali abin da ake nema daga mafi ƙanƙanta 'yan tambayoyi ne da ake cikewa a intanet cikin mintoci.

Wanda ke son sanin gaskiyar halin kulob ɗinsa, ba sai ya ɗauko akanta mai tsada ba. Ya nemo rahotannin shekarun baya ya jera, ya bi layi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe: mutum nawa ne suka biya cikakke a kowace shekara, ba nawa ne a rajista ba. Sannan ya duba ko abin da suka biya ya ɗauki nauyin gudanarwa ba tare da an taɓa kuɗin jama'a ko aljihun attajiri ba. In ya ga dama ya mayar da jimlar kowace shekara zuwa buhunan siminti ko na shinkafa, ya ga ko hawan da ake gani a naira hawa ne na gaske. Yawanci aikin ba ya kaiwa nan, domin sai a tarar rahoton shekara uku ko huɗu babu shi, kuma wannan ma amsa ce.

Rage kashe kuɗi yana yiwuwa fiye da yadda ake zato. Tun 2016 Rotary ta sassauta dokar taron mako-mako, ta bar kulob ya zaɓi yadda zai haɗu muddin ya yi sau biyu a wata. Ana iya barin otel a koma ɗakin taron makaranta ko ofishin wani mamba, kamar yadda aka fara a 1905. Ana iya raba kuɗin abinci da kuɗin mamba, mai ci ya biya. Abin da ke hana wannan ba lissafi ba ne, martaba ce: wasu sun shiga ne don otel ɗin da sarƙar wuyan shugaba da hoton jarida, in aka cire su za su tafi. Kulob ɗin da ya yanke shawarar sauka daga otel zai rasa waɗannan, kuma dole ya lissafa ko waɗanda za su shigo saboda sauƙin kuɗi, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da matasa masu sana'a, za su cike gurbinsu. Ba kullum suke cikewa ba.

Wani lokaci kuma lissafin na nuna cewa an zo ƙarshe. Kulob biyu masu mutum goma-goma a gari ɗaya, kowanne na biyan hayarsa da bikinsa, haɗewa ta fi musu, sai dai kowanne na son sunansa ya tsira, don haka ake jan ƙafa har ɗaya ya mutu da bashi. Rufewa ma tana da ƙa'ida. Dokar Nijeriya ba ta yarda mambobi su raba abin da ya saura ba: bayan an biya bashi, sauran dukiya wata ƙungiya mai irin manufar ake miƙa wa. Kafin a kai nan akwai aikin da ya kamata shugabannin ƙarshe su yi tun da sauran kuɗi a asusu, wato su bi rijiyoyin da azuzuwan ɗaya bayan ɗaya, su gyara abin da ya lalace, su miƙa kowanne a rubuce ga kwamitin unguwa ko hukumar makarantar da za ta ci gaba da kula da shi.